Ranar da Hannun Ɗan Farina Ya Ƙi Buɗuwa

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar ɗan farina. Duk wanda ya yi wayo a Bauchi lokacin da talabijin ɗaya ke tara yaran layi guda zai tuna shi, ko da bai san sunansa na yanka ba. Shi ne mutumin nan mai farar riga mai gajeren hannu da ke zama gaban ɗan teburi, ya ɗora ƙwallon dabino a tafinsa, ya rufe, ya buɗe, ka ga wayam. Ga-shi-babu-shi, haka yara suka raɗa masa, har sunan ya bi shirin. Ni ban taɓa kiransa da wannan ba, na yankan ma ban taɓa kama shi da bakina ba sai sau ɗaya. Ɗan fari ne, ni kuwa yadda aka rene ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Kai" nake ce masa, in ina zancensa da wani in ce "yaron nan", har ya ajiye gemu. Shi ma bai taɓa ce mini Inna ba. Adda ya ji ƙannena suna kirana, Adda ya riƙe har ya koma ga Allah.

Kowace shekara addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana ne wani abu ya taso da ya sa na ɗauki biro, da ɗan rubutun da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Asma'u, 'yarsa guda da ya bari tana ƙarama, ta haihu, namiji. Mijinta ya so ya yi mata kara, ya sa wa yaron sunan mahaifinta. Sai manya a gidan mijin suka ce a dakata. Sun ji an ce matsafi ne, sun kuma ji an ce ranar da ya rasu hannunsa ya ƙi buɗuwa, ba sa so a ɗora wa jinjiri sunan da ba su san abin da ke biye da shi ba. Ban ga laifinsu ba. Zancen hannun gaskiya ne. Amma na lura mutanen da suka fi ba da labarin babu ko ɗaya a cikinsu da ya shiga ɗakin, ni kuwa na shiga.

A unguwar Gwallaga ya tashi. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, sai ƙanena Sale ya kai shi koyon gyaran agogo a wata rumfa ta bakin kasuwa. A nan wani tsoho mai yawon kasuwanni, irin masu ɗan dabo don tara jama'a kafin su tallata magani, ya kawo agogonsa gyara. Maimakon lada, ya nuna masa abu guda, yadda ake maƙale ƙaramin abu a naman tafin hannu, yatsu a sake, hannu kamar ba komai. Abin da aka koya masa ke nan a harkar dabo. Sauran duk shi ya ƙago wa kansa.

Ya zaɓi ƙwallon dabino ya mai da shi abokin zama. Daga safe har yamma yana tafinsa na dama, da shi yake kwance agogo, da shi yake gaisawa da mutane ba su sani ba, da shi yake barci. Alwala da cin abinci ne kaɗai ke raba su. Yau da gobe ƙwallon ya yi baƙi, ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai, tafin kuma ya yi kanta mai tauri a daidai wurin. In ya dawo gida sai ya jingina wani fasasshen madubi a bango, ya zauna yana yi yana sakewa, yana magana da madubin kamar da mutum, har da dariya. Maganar da zai yi wa 'yan kallo yake gwadawa. Amma maƙwabta ta bayan katanga suke ji, ba su ga madubi ba. Mutum shi kaɗai a ɗaki yana hira yana dariya, tun daga nan aka fara tambayar da wa yake magana.

Ni ce wadda yake gwaji a kanta. Ina tsince wake a faifai sai ya zo ya tsuguna.

"Adda, duba nan."

"Ina da aiki."

"Kallo ɗaya, don Allah."

Ba na iya duban fuskarsa, kunya ba ta bari, sai dai in saci kallon hannunsa ta gefen ido. Daga baya ya ce wannan ne ya sa na fi kowa wuya. Kowa fuskarsa yake kallo, inda ya duba can za a duba, ni kuwa idona ba ya barin hannun. Duk da haka ban taɓa kama shi ba. Ƙarshen wasan kullum ɗaya ne. Ya buɗe hannu babu komai, ya ce, "Adda, kwance haɓar zaninki." In kwance ƙullin da nake ɗaure goro, ga ƙwallon kwance kusa da gorona. In jefa masa in ce, "Karɓi abinka, marar aikin yi."

Ranar da maganar mutane ta ishe ni, na tsare shi, fuskata na kallon bango. Na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah in akwai wani abu da yake yankawa ko yake kira. Bai yi dariya ba. Ya rantse, sannan ya yi wasan a hankali, gaɓa gaɓa, har na ga inda ƙwallon ke laɓewa. Na ce to na haɓar zani fa? Ya ce, "Adda, sanda kike kallo an riga an gama aikin. Tun ɗazu na sa, lokacin da kika miƙo mini ruwa. Wanda na nuna miki wani ne daban." Wannan maganar ta zauna mini, don daga baya na yi ta juya ta.

Hanyar talabijin ta buɗe ne ta hannun Madam Rifkatu, wata Kirista 'yar kudancin jihar nan da ke shirya wasannin yara a gidan talabijin. Ta kawo agogonta ya sa mata batiri. Ya nuna mata ɗan batirin a kan yatsa, ya hura, ya ɓace, sai ga shi a ƙarƙashin mariƙin jakarta. Ta daka tsalle ta kira sunan Yesu, sannan ta zauna a benci ta yi dariya har da hawaye. Sati bai zagayo ba ta sa shi gaban kyamara.

Sharuɗɗa ya kafa musu. A matso da kyamara dab da hannunsa, kada a yanke hoto in ya fara, a kuma zaunar da mutane daga cikin 'yan kallo a bakin teburin, gwiwa da gwiwa. Ba ya wasa da wuƙa, ba ya yanka harshe, ba ya cin wuta irin na masu dabon dandali. Kayansa abin da ke kowane gida ne, goro, ashana, allura da zare, kofunan shayi da lemun tsami. Har yau akwai matar da ke tare ni a gidan biki ta ce zobenta ne ya fito daga cikin ƙosai, ƙosan da ita ta saya da hannunta a bakin ƙofa. Kuma kowane shiri da magana ɗaya yake buɗe shi: "Salamu alaikum, ku matso kusa. Babu aljani, babu tsafi, hannu ne da ido."

Yawan faɗar ma kamar ƙara zargi yake yi. Aka ce in ba shi da su, me ya sa kullum yake ambatonsu? Yara na binsa a titi suna murna, makarantu na gayyatarsa, amma a unguwa abin ya sauya. Aka fara yi mana sallama tun da sassafe, wannan an sace masa keke a duba masa ɓarawo, wannan tana neman haihuwa. Ya ba su haƙuri ya ce shi mai gyaran agogo ne, su tafi suna cewa rowa yake yi. Wanda ya fi ci masa rai shi ne gaisuwa. Mutanen da suka tashi tare, in ya miƙa hannu sai su taɓa da kan yatsu su janye. A masallacin layinmu kuwa, in aka ta da salla, akan bar ɗan gurbi a gefensa na dama. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Sale ne ya gaya mini.

Ni ban taɓa zama na kalli shirin ba yana raye. Da na ji kiɗan farawa sai in shige kicin in sami abin yi, muryarsa na biyo ni daga ɗaki. Uwa ta zauna cikin mutane tana kallon ɗan farinta ana tafa masa, ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Akwai labarin da kowa ya sani, bari in kawar da shi tukuna, don shi yana da bayani. Ranar sadakar ukunsa, bayan la'asar, tsakar gida cike da mata ana ta jan carbi, sai muka ji muryarsa ta ƙetaro katanga. Tar, ba gargada. "Salamu alaikum, ku matso kusa." Wata tsohuwa a gefena ta amsa sallamar kafin ta ankara, sannan ta rufe bakinta da hannu biyu. Faifan gumba ya kife. Wasu suka fice ba takalmi, wata ta bar goyonta a tabarma sai da ta kai zaure ta dawo. Ni ban iya tashi ba. Na zauna ina jin wanda aka binne shekaranjiya yana cewa babu aljani, babu tsafi, yara kuma suna tafi.

Talabijin ɗin maƙwabta ce. An ɗauki shirye-shirye da dama tun kafin ya kwanta, ranar shirin ta zo, wanda ke bakin aiki ya ɗauki kaset na gaba ya sa. Washegari Madam Rifkatu ta zo, ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce ta manta ta sa a janye, za ta hana sauran fita. Na ce a'a, ta bar su su ƙare. A waɗannan ne na fara kallonsa, ni kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe. Sai a lokacin na ƙare wa fuskarsa kallo, na ga ashe yana da ɗan wushirya irin na mahaifinsa. Amma a gari bayanin kaset bai yi nisa ba. Abin da ya yi nisa shi ne Ga-shi-babu-shi ya yi magana bayan an binne shi.

Yanzu zancen hannun.

Sanƙarau ne ya kama shi a tsakiyar bazara. Jinyar ba ta yi tsawo ba. A asibiti matarsa ce a kansa, ni ina rakuɓe daga ƙafar gadon. Ana gobe zai rasu, cikin zafin ciwo, ya laluba ya kama gefen zanina ya riƙe, na bar masa har ya saki don kansa. Da hantsi ya cika, aka kawo shi gida. Na shiga na sauya zani, don na jikina duk warin magani ne, na zauna cikin mata idona a bushe, yadda ake son uwar ɗan fari ta zauna.

Wanka ya daɗe. Rana tana hawa, zafi na ƙaruwa, ga gawa ba ta jira a irin wannan lokaci. Na ji hayaniyar maza a zaure ta ragu, ta koma ƙus-ƙus. Can sai ga Sale a bakin ƙofa, fuskarsa ba daɗi.

"Adda, fito mu yi magana."

Ya ce hannun dama ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Malam Buba, mai wankan gawa na unguwarmu, ya gwada da ruwan ɗumi, ya gwada da mai, yatsun kamar an ƙera su. Wani a zaure ya ce ai layarsa ce a ciki, duk wanda ya ɓamɓare kansa za ta koma, jin haka Malam Buba ya wanke hannunsa ya ja gefe. Liman kuma ya yi magana, ba da mugunta ba. Ya ce shi ba ya hukunci da jita-jita, a buɗe a gani. In babu komai, shi zai shiga gaba ya sallace shi. In aka tarar da kayan tsafi a hannun mamaci, to sai dai a nemi wani. Sale ya ce babu wanin da zai yarda, har wasu sun fara zamewa.

Abin da Sale bai sani ba, ni na san akwai abu a hannun. Na san ƙwallon nan ba ya barin tafinsa, har a gadon asibiti na ga yana juya shi. Na kuma san yadda ya koma, baƙi, mai sheƙi, ba ya kama da abin da ya fito daga dabino. In ya faɗo gaban mutanen nan a wannan rana, babu rantsuwar da za ta sa su yarda ba kayan tsafi ba ne. In an bar hannun a rufe ba salla, in an buɗe ma ba salla.

Na yafa mayafi na bi shi. Mata suka bi ni da ido, don ba a saba ba. Yana kwance an lulluɓe shi, hannun kaɗai aka fitar. Malam Buba na tsaye jikin bango, liman a bakin ƙofa. Na durƙusa na ɗauki hannun, rabon da in riƙe shi tun yana koyon tafiya. Ya yi sanyi. Na zura ɗan yatsana ta gefen dunƙulen, na ji abu mai tauri a ciki. Na ji shi, ban yi shakka ba.

Ban iya dabo ba, ban san yadda zan ɓoye komai ba. Ban kuma san abin da ya sa na yi abin da na yi ba. Na sunkuya na kira sunansa, sunan da aka raɗa masa, a fili, gaban maza uku. Na ce, "Wane, Adda ce. Buɗe."

Ba zan ce hannun ya buɗe da kansa ba, don ina jan yatsun a hankali. Amma sun biyo ni ba gardama, ɗaya bayan ɗaya, kamar na mai barci. Tafin ya shimfiɗe. Babu komai. Sai kantar nan a tsakiya, da zanen hannu irin na kowa.

Liman ya matso ya duba, ya juya hannun, ya raba yatsun, ya ɗaga lulluɓin ya duba tabarma. Ya ce, "Malam Buba, ƙarasa aikinka." Ya fita zaure na ji yana cewa da ƙarfi, "Na gani da idona, babu komai. A daidaita sahu." Bayan azahar aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa. Sale ya ce jama'ar da ta taru har bakin titi.

Da aka ɗan watse, na shiga ɗaki bakina ya bushe, na kai hannu haɓar zani in ɓalli goro. Na kwance ƙullin. Yana nan kusa da goron, baƙi, mai sheƙi.

Shekara goma sha tara ina juya wannan abu. Na tuna ya ce sanda ake kallo an riga an gama aikin. Mai yiwuwa lokacin da ya kama zanina a asibiti ya sa, ya san halin mutanenmu, ya san abin da za a ce in aka same shi a hannunsa. Mai yiwuwa da na sauya zani na kwashe abin da ke tsohon ƙullin na ɗaure a sabon ban duba ba, hankalina ba ya jikina. Mai yiwuwa taurin da yatsana ya ji kanta ce. Malam Buba ma ya ce ruwan ɗuminsa ne ya yi aiki a makare. Duk waɗannan na gaya wa kaina, kuma wani lokacin nakan yarda. Wani lokacin kuwa sai yatsan nan nawa ya tuna abin da ya taɓa, mai tsini ne, kanta ba ta da tsini. Ban gaya wa kowa ba, don na san da wane kunne za a ji.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Asma'u ta nuna mini wani tsohon shirinsa da aka sa a waya, hoton duk ya dushe, ta karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wasu sun ce matsafi ne, Allah ya tsare su. Wasu, yaran yanzu, sun ce haɗin kwamfuta ne, su ma za su iya da wayarsu. Na farkon ya saba da su, zai girgiza kai kawai. Na biyun ne za su ƙona masa rai, mutumin da ya yi faɗa kada a yanke hoto. A da an ba aljani ladan aikinsa, yanzu an ba na'ura. Har yau ba a sami wanda ya ce yaron nan ya zauna gaban fasasshen madubi shekara da shekaru har tafinsa ya yi kanta ba.

Ana saura kwana biyu suna, Malam Isa, mahaifin mijin Asma'u, ya hawo babur daga ƙauyensu Miri ya yi sallama. Manomi ne, dattijo mai kunya. Muka gaisa ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna, ki gafarce ni. An ce ke kika buɗe hannun. Me ke ciki?"

Na ba shi labarin nan duka, yadda na ba ku, ban rage na haɓar zani ba. Na ga in sunan zai shiga gidansu, gara ya shiga da gaskiyarsa. Sannan na kwance ƙullin na ajiye masa ƙwallon a kan tabarma. Ya ɗan ja baya. Ya yi bisimilla ya ɗauka da yatsu biyu, ya juya, ya kai hanci, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Inna, wannan ai ƙwallon dabino ne."

"Shi ne."

"In an shuka zai fito kuwa?"

"Ya sha hannu da yawa, ba na tsammani."

Ya yi ɗan murmushi, ya koma ya nutsu. "To yaya aka yi ya shiga ƙullin?"

Na ce, "Malam Isa, ban sani ba. Da ransa ma ban taɓa kama shi ba, balle yanzu. Abin da na sani, ya rantse mini, kuma ban taɓa jin ya yi mini ƙarya ba."

Ya sake juya ƙwallon a yatsunsa. Sannan ya ce, "Liman ya ga tafin da idonsa?" Na ce ya gani. "Ya kuma shiga gaba?" Na ce ya shiga. Ya miƙo mini ƙwallon, wannan karon a tsakiyar tafinsa, ya ce, "To ni wane ne." Ya sa hularsa ya tafi, bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Ranar suna da safe muna ɗakin mai jego aka leƙo aka faɗi sunan da aka raɗa. Asma'u ta kifa kai a kafaɗar mahaifiyarta. Nan take mata suka fara laƙabi, wannan ta ce Abba, wannan ta ce Mai sunan Baba, kowa na kewaye sunan saboda ina zaune. Asma'u ta share ido ta ɗora mini shi a cinya.

"Tsohuwa, ga ɗanki ya dawo. Sai ki juya wa bango fuska, a ci gaba da kunya."

"Ja'ira, haihuwa ɗaya har kin yi baki."

Aka yi dariya. Na dubi fuskarsa sosai, ban saci kallo ba. In aka tambaye ni abin da ya rage na ɗana, kaset ɗin sun dushe, rumfar agogo ta zama shagon waya, waɗanda suka tafa masa sun yi furfura. Sunan da yara suka ba shi ma wata rana zai ɓace kamar yadda yake ɓatar da goro. Abin da ya rage shi ne an sallace shi cikin Musulmi, kuma sunan da na yi shekaru ina ɓoyewa a bakina ya sami wanda zai amsa shi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe wa waɗanda suka bar masa gurbi a sahu, ya yafe mini kallon da ban yi masa ba.

Hannun jinjirin na dama a dunƙule yake, yadda na kowane jinjiri yake. Na ɗora yatsana a kai. Na ce, "Yunusa."

Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ɗan tafi ja, babu komai a ciki. Duk da haka sai da na kai ɗaya hannun na taɓa haɓar zanina.